Katangar da Inna Ta Tsine Wa

Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin Gwaggonku Hindatu: wai ni na kori Baffanku Hamza daga Jidda, na tura shi ƙasar sanyi don in zauna daram a gidan ni kaɗai. Ban taɓa musanta mata ba. Na farko, Hindatu idan ta fara magana ko liman sai ya jira ta kai aya. Na biyu, akwai gaskiya a cikin zancen nata, sai dai ba a wurin da take nunawa take ba. Yanzu da gwiwa ta hana ni zuwa ko'ina sai masallacin unguwa, bari in shimfiɗa muku abin yadda ya faru, don kada in tafi in bar ku da rabin labari.

Kakanku da Inna a ƙasa suka taho daga ƙasar Katsina, suka ratsa Cadi da Sudan, suka haye teku, suka yi aikin Hajji, ba su koma ba. A unguwar Karantina, nan Jidda, aka haife mu mu uku: ni Usmanu, sai Hindatu, sai Hamza auta. Baba ya yi aiki a shagon ƙofofi da tagogi na wani dattijo mutumin Jidda, Ammu Siraj, shi ne kuma kafilinmu, wato wanda sunansa ke tsaye a bayan takardar zamanmu, iƙama. Da Baba ya rasu, dattijon ya ci gaba da riƙe mu ni da Hamza. Ni awo da yanka nake yi, ba yabo ba fallasa. Hamza kuwa hannu gare shi. In ya yi walda a jikin alminiyam sai ka shafa da yatsa kana neman inda aka haɗa.

A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da aiki ya fara ja baya a garin nan, Ammu Siraj ya rasu. 'Ya'yansa ba su da ra'ayin sana'ar, suka rufe shago, suka ba mu wa'adi mu nemi wani kafilin. Ba su cuce mu ba, abin da doka ta ce suka yi. Muka yi ta yawo har takalma suka cinye, a ƙarshe wata masana'antar alminiyam a Madinar Masana'antu, wadda muka saba kai wa aiki, ta ce za ta karɓi mutum ɗaya. Manajan ya miƙo takardar, wurin suna ba a cike ba, ya ce mu je mu daidaita tsakaninmu. Amma yana maganar idonsa na kan hannayen Hamza, kuma na gani. Muka fito muka zauna a inuwar wata babbar mota a bakin ƙofa, rana tana dukan kwalta. Hamza ya zaro biro daga aljihu.

"Rubuta sunanka, Yaya," in ji shi. "Inna da matarka Anti Safiya da yara duk a kan iƙamarka suke. Ni kaina kaɗai nake ɗauke da shi. Halas, shi ke nan, rubuta."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ko alƙali aka kai wa haka zai yanke. Amma kun san mu. Ko kofin shayi aka miƙo maka, sai ka ce a ba wani tukuna, sai an sake miƙowa ka karɓa. Wannan ita ce kara, kuma ita Inna ta shayar da mu. Ni kuwa ban yi wa Hamza kara ba, ko sau ɗaya. Bai rufe baki ba na karɓe biron, na ɗora takardar a gwiwa na rubuta sunana da sauri, kamar wanda ke tsoron kada ya canza magana. Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya kau da kai. Da muka koma gida na ce wa Inna masana'anta ce ta zaɓe ni. Hamza yana tsaye, ya bar ƙaryar ta wuce.

Wa'adi ya cika, iƙamarsa ta mutu. Saurayi mai shekara ashirin da biyar ya koma zaman ɗaka kamar mai takaba. Ko burodi ba ya fita saye, in mota ta tsaya a bakin lungu sai ya haye rufin gida. Abin da yake tsoro shi ne a kama shi a sa shi jirgi zuwa Kano, domin fasfon Nijeriya gare mu ta wajen Baba, alhali ko taswirar ƙasar bai iya nunawa ba. Hausarsa ma rabi Larabci ce, Inna kullum cikin yi masa tsiya take wai yana magana kamar mai tauna dabino. Duk da safe zan saka kayan aiki in wuce shi zaune a tsakar gida yana gyara wa maƙwabta fanka don kawai hannunsa ya motsa. Na ƙi jinin wannan wucewar fiye da komai a rayuwata.

A masana'antar akwai wani Bajamushe mai kula da injuna, muna ce masa Muhandis, wato injiniya. Dogo ne, jajir saboda zafi, ya iya Larabcin kasuwa, kuma yana son burodin tamis da ful, dafaffen waken nan, fiye da mu. Wata safiya muna karyawa, wani ya tambaye shi garinsu. Ya ce Berlin. Aka ce ta Gabas ko ta Yamma, don mun san Jamus biyu ce a lokacin. Sai ya ɗauki tamis guda, faffaɗan burodin nan, ya raba shi biyu ya ajiye a kan jarida.

"Wannan Jamus ta Yamma, wannan ta Gabas," in ji shi. "Kowa yana zaton garinmu a kan tsagar nan yake. A'a."

Ya ɗauki zaitun ɗaya ya dasa shi can tsakiyar ɓangaren Gabas, nesa da tsagar, sannan ya sa wuƙa ya raba zaitun ɗin. Ya ce rabin nan shi ne Berlin ta Yamma, inda aka haife shi, kuma ko ta ina ka nufa ƙasar Gabas ce ta kewaye ta, an zagaye ta da katanga. Daga nan zuwa Jamus ta Yamma tafiyar sa'o'i ce a mota, ta hanyoyin da aka keɓe. Ya ce a cikin katangar akwai koguna da tafkuna da daji, har mutum ya wuni yana yawo, amma ƙarshenta dai katanga. Muka ce to garin na wa ne? Ya yi dariya ya ce tambayar da ta gagari manya ke nan. Kuɗin Jamus ta Yamma suke kashewa, dokokinta suke bi, amma a takarda garin ba cikakken yankinta ba ne. Tun bayan yaƙin duniya na biyu yana hannun ƙasashe huɗu, Amurka da Ingila da Faransa a yamma, Rasha a gabas. Katin shaidarsu daban, samarinsu ba a ɗaukarsu soja, wakilansu suna zama a majalisa amma ƙuri'arsu ba cikakkiya ba ce.

"Ashe garinku ma iƙama gare shi, Muhandis," in ji wani ɗan Cadi da ke cikinmu. "Kuma kafili huɗu."

Muka yi dariya. Daga nan sai ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce su ƙasashen yamman nan uku sun kafe a kan cewa birnin ɗaya ne, layin da ya raba shi ba iyakar ƙasa ba ce, don haka ba sa tsayar da kowa a wurin su duba takarda. Wanda ya sauka a filin jirgin Gabas da bizar wucewa, ya hau jirgin ƙasa na cikin gari, sai kawai ya fito a Yamma ba wanda ya ce masa daga ina. Ya ce mutane daga Lebanon da wasu ƙasashe suna ta shiga ta nan. Ba shawara yake ba kowa ba, hira ce ta mai kewar gida. Ni ne na naɗe ta na sa a aljihu.

Na je unguwar Sharafiyya wurin wani mai sayar da tikitin jirgi na tambaya, ya ce haka ne, ta Alƙahira ake bi. Na kawo wa Hamza labari a kan rufin gida bayan la'asar. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni abu ɗaya.

"In na fita, zan iya dawowa?"

Na san amsar. Kafin ya fita sai 'ya'yan Ammu Siraj sun sa hannu an buga masa hatimin fita ba dawowa, kuma ba zai sake shigowa ba sai da sabon kafili, abin da muka rasa tun farko. Na ce masa in ya samu takardar can, ai ko da Umra zai riƙa zuwa. Ya gane abin da ban faɗa ba, ya gyaɗa kai. Ina so ku sani, a lokacin na gaskata cewa ceto nake yi masa, kuma har yau ban ce ba ceto ba ne. Amma a ƙasan zuciyata akwai wani abu kuma: na gaji da ganinsa a tsakar gida.

Inna ce ta ba mu wahala. Ta ce ta taka ƙasa wata da watanni don 'ya'yanta su tashi kusa da Ɗakin Allah, yanzu kuma a ce ɗaya zai juya wa alƙibla baya ya nufi garin da ko sunansa ba ta iya faɗa. Na yi mata rantsuwa cewa shekara ɗaya ce, in ta yi yawa biyu. Sai da Hamza da kansa ya durƙusa ya ce mata ya fi son sanyi da a ɗaure shi a kai shi Kano, sannan ta sa masa albarka. Ranar tafiya ta cusa masa yaji da kuka a jaka, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta yi kuka ba. Hindatu ce ta yi na kowa, kuma daga ranar ta daina gaishe ni da fara'a.

Ya shiga Berlin ta Yamma kamar yadda Muhandis ya faɗa. Wasiƙarsa ta farko ta zo da Larabci, don da shi ya yi makaranta, ni nake karanta wa Inna ina mayar mata da Hausa, ni kuma nake rubuta amsarta. Nan na samu iko da bai kamata a ba ɗan Adam ba. Hamza ya rubuta cewa an ba shi wata takarda da ma'anarta ita ce ba a karɓe ka ba, ba a kuma kore ka ba tukuna. Ba ya da izinin aiki, ba ya da izinin fita daga birnin, in kuwa ya bar ƙasar ba za a bar shi ya koma ba. Ya ce yana kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar, rana tana faɗuwa tun kafin ya gama tunanin la'asar. Ni kuwa sai in ce wa Inna yana gaishe ki, ya ce garin akwai ruwa da itatuwa, ya yi ƙiba.

Hajji ya zagayo, alhazai suka cika gari daga kowace ƙasa, har da na Jamus. Inna ta ce to shi me ya hana shi biyo su? Sai na tuna da tamis ɗin Muhandis. Na ɗauko faifai na kifa ƙaramin kwano a tsakiyarsa, na ce mata ga garin da yake, ga katanga ta zagaye shi ko ta ina, da sojoji da karnuka, ba mai fita. Ta daɗe tana kallon kwanon.

"A garinmu ganuwa don kada a shigo ake yin ta," in ji ta. "Waɗannan wane irin mutane ne da za su gina ta don kada ɗan mutane ya je ya ga uwarsa?"

Ƙarya na yi mata, kuma ƙaryar a juye take. Mutanen Gabas ne suka gina katangar don hana nasu tserewa. Waɗanda ke cikin kwanon, in suna da takarda, jirgi suke hawa su tafi inda suka ga dama, ga Muhandis nan a Jidda yana cin ful. Abin da ya tsare Hamza takarda ce, ta can da ta nan, kuma ta nan ɗin tana aljihuna da sunana a kai. Amma katangar ta yi mini rana. Daga ranar Inna ta samu abokin gaba. Bayan kowace salla sai ta roƙi Allah Ya rushe ta, in ta yi tuntuɓe katangar ce, in miya ta yi gishiri katangar ce. Matan unguwa suka ɗauka, har wata tsohuwa 'yar Damagaram ta yi mata alkawarin sa katangar a addu'a a Arfa. Uwarku Safiya ta san gaskiya, takan dube ni kawai ta ci gaba da aikinta. Shekara uku muna haka.

Sai ga shi wata ranar Juma'a, muna zaune bayan magariba, talabijin ya nuno mutane sun hau kan katangar suna rawa, wasu na dukanta da guduma. Ku manyan kuna iya tunawa, don ku kuka ruga kuka kira ta. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana neman Hamza a cikin taron. Sannan ta yi sujada a nan kan tabarma. Ban taɓa ganin farin ciki irin nata ba, ban kuma taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Washegari ta sa aka share ɗakinsa, aka shanya katifa. Ta aiki Hindatu kasuwa ta sayo gero, ta ce fura zai fara sha. Maƙwabta suna ta shigowa barka. Kullum in na dawo aiki sai ta tambaye ni ko jirgin Jamus ya sauka. Na yi kwana tara ina cewa sai an gama shirye-shirye. A na goma na tarar da ita zaune a bakin ƙofa da mayafinta na fita unguwa, wai kada ya iso ya same ta ba shiri. Na ce mata mu shiga ciki. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai: takardar da ba suna, biron da na karɓe, hatimin fita, wasiƙun da na rage wa nauyi, da kwanon da na kifa mata. Da na gama ta cire mayafin ta ninke shi a kan cinya.

"Shekara uku ina tsine wa katanga," in ji ta, "ashe katangar tana cin tuwo a gidana."

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. A na huɗu ta ce in samo mata rakoda da kaset sabo, domin saƙonta ba zai sake bi ta hannuna ba. Na kawo, na nuna mata inda ake dannawa. Ta ce in fita in ja ƙofa. Na zauna a tsakar gida ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, ban iya rarrabe kalma ko ɗaya ba. Da ta gama ta sa Hindatu ta liƙe ambulan a gabanta, ta miƙo mini in kai gidan waya. A hanya na tsaya sau biyu da niyyar buɗewa, don na tabbata baki ta yi mini a ciki. Ban buɗe ba, kuma wannan kaɗai ne abin da zan iya yin alfahari da shi a duk labarin nan.

Bayan haka ta koma yi mini magana kamar da, tana zuba mini abinci, tana yi mini faɗa in na makara. Zancen kaset bai sake tasowa ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Na nema wa Hamza kafili har na gaji, ban samu ba. Shi ma can takardarsa ba ta daidaita ba sai bayan shekaru. Inna ta rasu shekara biyu bayan faɗuwar katangar, ba ta sake ganinsa ba.

Sai da ya yi kusan shekara ashirin da tafiya sannan ya zo Umra, da fasfon Jamus, baƙo a garin da aka yanke masa cibiya. Na je filin jirgi na ɗauko shi a tsohuwar motata. Ya yi furfura, Hausarsa ta ƙara lalacewa. Yana ta ba ni labarin Berlin, wai yanzu ita ce babban birnin ƙasar kuma jiha ce mai zaman kanta, wai in ba a nuna maka ba ba za ka gane inda katangar ta bi ba. Ina ta cewa to, to. Da muka hau babban titi sai ya zaro kaset daga aljihun rigarsa, ya dubi rediyon motar.

"Wannan tana cin kaset, Yaya?"

Na ce tana ci. Ya tura shi ciki. Muryar Inna ta cika motar, tana gaishe shi, tana tambayar sanyi, tana yi masa tsiyar ko ya manta Hausa gaba ɗaya. Sannan ta ɗan tsaya, aka ji numfashinta.

"Na ji komai yanzu," in ji ta. "Na yi fushi, na huce. Ka saurare ni, auta. Da ni aka miƙa wa takardar nan aka ce in rubuta sunan ɗaya a cikinku, da har yau ina zaune a bakin ƙofar nan da biro a hannu, an kwashe mu duka. Yayanka ya ɗauke mini wannan, yana ta ɗauke da shi shi kaɗai. In ban ga fuskarka ba, na yafe. Amma kada ka riƙe Usmanu a zuciya. Usmanu ɗana ne."

Ni ɗan fari ne, kuma kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar, sau biyu, shekara goma sha wani abu bayan mun binne ta. Na gangara gefen titi na kashe mota, domin na daina ganin hanya.